Muryar Japananci ko ta Turanci: Amsa ga Mai Buga Wasannin Labari na Japan

Wani ƙanena a harkar gem ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya fara buga Persona 5 Royal da muryoyin Turanci, yana jin daɗinsa har ya ci awa ashirin, sai abokansa suka ce ya ɓata wasan, wai duk wanda ya san abin da yake yi da muryar Japananci yake bugawa. Yana so ya san inda wannan ƙyama ta samo asali, kuma ko da gaske ne muryoyin Turanci a wasannin Japan ba su da kyau.

Ƙanena, abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai labarin da suke ba ka ya kwana biyu. Ni sana'ata fassara ce da ɗora murya. Na daɗe ina zama a bayan gilashin sutudiyo ina kallon mutane suna fama su cusa maganar wani harshe cikin bakin da ya riga ya motsa da wani harshen daban, kuma tun zamanin PlayStation na farko nake buga irin waɗannan wasanni. Abin da na gani shi ne, kyau ko munin murya ba daga harshen yake zuwa ba. Yana zuwa ne daga yanayin da aka sa mai ɗora muryar ya yi aiki a ciki: an nuna masa hoton ko ba a nuna ba, an ba shi lokaci ko ba a ba shi ba, an gyara motsin baki don maganarsa ko shi aka tilasta wa bin bakin wani.

Da farko ma babu murya sam. Dragon Quest ya fito a Japan a 1986, Final Fantasy ya biyo baya a 1987, duka a kan kaset ɗin da bai iya ɗaukar komai sai rubutu da ɗan kiɗa. A Japan mutane sun yi ta layi a ƙofar shaguna saboda su, amma a Amurka kasuwar ta yi sanyi. Lokacin da aka kai Dragon Quest can a 1989 da sunan Dragon Warrior, bai samu ciniki yadda aka zata ba, har mujallar Nintendo Power ta koma raba shi kyauta ga masu biyan kuɗin mujallar. Wasu wasannin Final Fantasy ba a ma fassara su ba a lokacin, shi ya sa na huɗu ya je Amurka da sunan na biyu, na shida kuma da sunan na uku. Sai a 1997 Final Fantasy VII ya ɓalle ƙofar, faifai uku a kan PlayStation, ya sayar da sama da kwafi miliyan 10. Fassararsa cike take da tuntuɓen nahawu, amma mutane suka yafe, domin kowa yana karantawa ne da muryar da ya ƙirƙira a kansa. Ka riƙe wannan, don daga baya duk ɗan wasan da aka kawo sai ya yi takara da waccan muryar da mai bugawa ya riga ya saba da ita a zuciyarsa.

Da faifan CD ya zo, sai aka samu wurin zuba sauti. Akwai waɗanda suka yi abin kirki tun da wuri, kamar Ys Book I & II a 1990, wanda aka ɗauko masa gogaggun masu muryar katun na Amurka. Amma yawanci ƙananan kamfanoni ne ke sayen haƙƙin kawo waɗannan wasanni Yamma, kuɗinsu kaɗan, ribar da suke sa rai ma kaɗan, don haka murya ce abin da ake fara tsuke wa aljihu. Daga nan aka samu irin su Chaos Wars na 2008 da Arc Rise Fantasia na 2010, waɗanda har yau ake yawo da guntayensu a YouTube ana dariya. Mutum zai ce an kashe mahaifinsa da irin muryar da ake karanta sanarwar ɗaurin aure. Waɗannan su suka ɓata wa sauran suna, kuma sunan da ya ɓaci yana daɗewa bai gyaru ba.

Bari in nuna maka yadda hakan ke faruwa, don na taɓa shiga irinsa. Wani kamfani ya taɓa aiko mana da aikin ɗora murya babu bidiyo, sai jerin layuka a takarda, kowane layi da lambarsa da adadin sakan ɗin da ba zai wuce ba. Wata jaruma da nake ji da ita ta shiga ɗakin, ta sa abin kunne, ta zo kan layin da ke cewa "Tashi mu tafi." Ta faɗe shi da fara'a, kamar mai kiran ƙawarta zuwa biki, muka ce ya yi, muka wuce. Da aikin ya fito sai muka ga ashe mace ce durƙushe a kan ɗan'uwanta da ya riga ya cika, tana jijjiga shi. Duk wanda ya kalla zai ce jarumar ba ta iya ba, alhali makanta aka sa ta yi aiki. Haka aka yi ta ɗaukar muryoyin wasannin Japan shekara da shekaru: mutum shi kaɗai a ɗaki, ɗaruruwan layuka a zama ɗaya, bai ji abokin maganarsa ba, wani lokaci darakta ma bai taɓa ganin wasan ba. Wasan labari kuwa ba fim ɗin awa biyu ba ne, yana iya kai awa tamanin, layukansa dubbai ne.

Wasan da ya fi kowanne jawo wannan muhawara shi ne Final Fantasy X na 2001, na farko a jerin da aka sa wa murya. Zan taɓa ƙarshensa, don haka idan kana da niyyar bugawa ka tsallake sakin layi biyu. Mai fassararsa, Alexander O. Smith, ya sha bayyana irin ƙuncin da suka shiga. An gina wasan ne a kan tsawon sautin Japananci, kowane layin Turanci dole ya shiga daidai wannan gurbin, kuma ba a sake zana motsin leɓe ba. Shi ya sa za ka ji Hedy Burress, wadda ta yi muryar Yuna, jarumar wasan, tana tsayawa a tsakiyar jimla ko tana hanzarta wata kalma. Bakin da ke kan allo take bi. Sannan ga shahararren wurin nan a garin Luca inda Tidus, jarumin wasan, ke ƙyaƙyata wata dariya mai ban haushi, wadda aka yi shekaru ana kafa hujja da ita cewa muryar Turanci shirme ce. Wanda ya buga wasan ya san dariyar dole ce. Yaron ya ji mummunan labari game da mahaifinsa, Yuna kuma tana koya masa dabararta ta yin murmushi idan zuciya ta yi nauyi, sai suka tilasta wa kansu dariya, abokan tafiyarsu na kallon su kamar sun zautu, kafin dariyar gaske ta kuɓuce musu. James Arnold Taylor, mai muryar Tidus a Turanci, ya yi abin da labarin ya nema. A Japananci ma Masakazu Morita haka ya yi ta, da gangan, babu daɗin ji. An yanko sakan talatin ne aka raba su da abin da ya zo kafinsu.

A ƙarshen wasan, lokacin rabuwa, kalma ɗaya Yuna ta faɗa a Japananci: arigato, wato na gode. A Turanci aka mayar da ita "I love you". Smith ya kare wannan zaɓi da cewa godiyar a bakin Bajapaniya a irin wannan wuri tana ɗauke da duk abin da ba ta iya furtawa ba, kuma Ba'amurke zai ji "na gode" a matsayin sallamar da ake yi wa mai shago. Ga shi kuma leɓen ya dace, don kalmomin biyu duka da zagayayyen baki suke ƙarewa. Na fahimci dalilinsa, kuma a matsayina na mai sana'ar na san ya yi gwaninta. Amma duk lokacin da na zo wurin nan sai in ji da Hausa aka fassara da ba a taɓa kalmar ba. Mu mun san kunya, mun san kawaici. Mun san matar da ta yi shekara arba'in da mijinta ba ta taɓa kiran sunansa ba, ranar da zai yi doguwar tafiya ta ce "Allah ya kiyaye hanya" kawai, kowa a gidan ya san abin da ta faɗa. A nan abokanka suna da gaskiya: akwai abin da Turanci ke zubarwa a hanya.

Kuma ba a wannan wurin kaɗai ba. Japananci yana da hanyoyi da yawa na cewa "ni". Saurayi mai ji da kansa zai ce ore, yaro mai ladabi ya ce boku, a gaban manya a ce watashi, tsoho a labari ya ce washi. A wasan da kake bugawa, Ryuji, abokin jarumin, da ore yake magana, kyanwar nan Morgana kuma tana kiran kanta wagahai, wata tsohuwar kalma ta masu ji da sarauta, kamar a ce ɗan mage yana cewa "mu" irin ta sarki a fada. Duk wannan a Turanci harafi ɗaya ne tak. Haka ma laƙabin da suke liƙa wa suna, san da kun da chan da senpai. Ranar da wani ya daina ce maka wane-san ya kira sunanka tsura, wani abu ya canza tsakaninku. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, don ya san tazarar da ke tsakanin "kai" da "ku", ya san bambancin kiran mutum Yaya, ko Malam, ko sunansa gatsau. Kamfanin Atlus ya zaɓi barin waɗannan laƙabai a fassarar Turanci tun daga Persona 3, bayan a 1996 an kai Persona na farko Amurka an sauya wa yaran sunaye da kamanni, har aka mayar da wani ɗalibi Bajapane mai suna Masao baƙar fatan Amurka mai suna Mark. Daga wancan zuwa wanda ke hannunka tafiya ce mai nisa.

Sai dai akwai wata gaskiyar da masu cewa sai Japananci ba su cika son ji ba. Kunnen da bai san harshe ba, ba ya jin kuskure a cikinsa. Idan ɗan wasan Japan ya yi wa kalma nauyin da bai dace ba, ko ya cika kuka inda ya kamata ya sassauta, kai da ba ka jin yaren ba za ka gane ba, kiɗan muryar kawai kake ji kana cike sauran da abin da ka karanta. Da Turanci kuwa kowane tuntuɓe a fili yake. Na ga irin wannan a gida da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa: mutumin da ya yi shekaru yana kallon jarumi yana sharɓar kuka da Indiyanci bai taɓa cewa komai ba, ranar da ya ji kalaman da Hausa sai ya ce abin ya yi yawa. Kalaman ba su canza ba, fahimtarsa ce ta ƙaru. Ban da haka, salon wasan murya na Japan yana da nasa ƙa'idoji da ya gada daga katun ɗinsu, da yawan jan numfashi, da ɗan gurnani idan an yi mamaki, da kiran sunan dabarar faɗa da ƙarfi kafin a kai sara. A can abin ya zauna daidai, masu wannan sana'a ma taurari ne masu makarantu da masoya. Idan aka kwafe shi yadda yake zuwa Turanci sai ya yi banbaraƙwai.

Gyaran ya fara ne lokacin da masu fassara suka daina ƙoƙarin kwaikwayon Japananci suka koma tambayar kansu yadda mutanen wannan duniyar za su yi magana in da Turanci ne harshensu. Dragon Quest VIII ya fito a Japan a 2004 babu murya ko ɗaya. Don kasuwar Yamma aka ƙara masa muryoyi a 2005, da 'yan wasan Ingila, aka ba tsohon ɗan fashin nan Yangus karin harshen talakawan gabashin Landan, mutane suka ƙaunace shi. Final Fantasy XII na 2006 ya ƙara zurfafawa. Smith da abokin aikinsa Joseph Reeder suka raba wa ƙasashen labarin karin harshe: manyan daular Archadia da Turancin masu mulkin Ingila, yaran titin Rabanastre da na Amurka, ta yadda da jin mutum ka san ɓangarensa kafin ya faɗa. Har yau idan ana lissafin aikin da ya fi kyau a wannan fanni, da wuya a tsallake muryar Gideon Emery a matsayin Balthier, ɗaya daga cikin jaruman wasan.

Wanda ya fi burge ni shi ne abin da aka yi a Ni no Kuni, aikin kamfanin Level-5 da sutudiyon Ghibli, da ya iso Yamma a 2013. Akwai wani ɗan aljani mai fitila a hanci, abokin tafiyar yaron labarin. A Japananci da karin harshen yankin Osaka yake magana, wanda a can ake danganta shi da barkwanci da sakin baki. Fassara kalma da kalma ba za ta iya ɗauko wannan ba. Sai suka ba Steffan Rhodri, ɗan yankin Wales, ya yi shi da karin harshen garinsu, aka samu ɗumi da raha iri ɗaya ta wata hanya daban. Kamar a ce kowa a labari yana Kananci, sai ga mutum ɗaya ya shigo da Sakkwatanci tsantsa. Kafin ya gama gaisuwa ka san shi daban ne, ka kuma fara murmushi.

Xenoblade Chronicles kuma tsautsayi ne ya zame masa alheri. Ya fito a Japan a 2010, reshen Nintendo na Amurka bai nuna niyyar kawo shi ba, sai reshen Turai ya fassara shi da 'yan wasan Birtaniya ya fitar a 2011. Masoya a Amurka suka tayar da gangamin da suka kira Operation Rainfall, suna ta aika wasiƙu, a 2012 wasan ya isa can da waɗannan muryoyin na Ingila yadda suke. Abin da aka zata zai zama cikas sai ya zama tambarin jerin gaba ɗaya. Amma ka lura, da na biyu ya fito a 2017 an sake jin ƙorafi, musamman kan ihun jarumin a wuraren faɗa da kuma bakin da bai dace da magana ba. Ƙasa ɗaya, irin 'yan wasa ɗaya, sakamako daban, domin yanayin aikin ne ya bambanta.

Wani abin da ya hura wutar rigimar shi ne rashin zaɓi. A zamanin PlayStation 2 faifan DVD na yau da kullum bai wuce gigabait 4.7 ba, sau da yawa ba ya ɗaukar harsuna biyu, ga kuma kuɗin haƙƙin muryoyin Japan idan za a fitar da su waje. Don haka abin da aka ba ka shi za ka ji. Wasu masoya har suka koyi farke wasan a kwamfuta suna cire sautin Turanci suna mayar da na Japan. Mutumin da aka hana abu yakan ƙara ƙimanta shi, ya kuma tsani wanda aka tilasta masa. Da Persona 5 ya fito a Yamma a Afrilun 2017, an ba da muryoyin Japananci kyauta ga mai son saukewa, yanzu kuwa kusan kowane babban wasa da harsunan biyu yake zuwa. Zafin muhawarar ya ragu sosai tun daga nan, sai dai waɗanda suka gaji maganar daga yayyensu suna ta maimaitawa.

Ita kanta kalmar "asali" da abokanka ke jingina da ita ba kullum take nufin Japananci ba. Dark Souls da Elden Ring kamfanin Japan ne ya yi su, amma ko a Tokiyo da muryar Turanci ake buga su. Final Fantasy XVI na 2023 da Turanci aka fara ɗaukarsa, aka ɗauki motsin fuskar 'yan wasan a kan wannan harshe, don haka idan ka juya shi zuwa Japananci a nan ne bakin zai saɓa. Ben Starr da ya yi muryar Clive, jarumin wasan, har ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin The Game Awards na shekarar. Furodusan wasan, Naoki Yoshida, ya faɗa a wata hira a farkon 2023 cewa lokacin da suka fara jin Turawa na kiran ayyukansu JRPG, wato wasannin labari na Japan, sun ɗauke shi a matsayin kalmar wariya da raini. Yana tuna shekarun da suka ji kamar an mayar da wasannin Japan abin ba'a a Yamma. Na yi imani wani kaso na sukar da aka yi wa muryoyin Turanci a wancan lokaci ba muryar ake ƙi ba, irin labarin ne da kansa, mai bayyana motsin zuciya ba tare da ɓoye-ɓoye ba, wanda da aka ji shi da harshen da ake fahimta sai aka rasa inda za a ɓuya.

Akwai wata matsala da ya kamata ka sani kafin ka sauya. A yawancin wasanni, rubutun da ke ƙasan allo an rubuta shi ne don muryar Turanci. Idan ka kunna Japananci, abin da kake ji daban, abin da kake karantawa daban, kana zaton ka samu asali alhali fassarar nan dai kake karantawa. Kamfanin Sega ya magance wannan a Judgment da Yakuza: Like a Dragon, inda ya rubuta fassara biyu, ɗaya mai bin muryar Turanci, ɗaya mai bin ta Japananci, amma ba kowa ke wannan wahala ba. Sannan a tsakiyar faɗa, lokacin da idonka ke kan abokin gaba, jarumai na ta magana da juna, kuma a wasanni da dama ba a rubuta wannan hirar ko kaɗan. Wanda ba ya jin yaren ya yi asararta.

Game da naka wasan, ni da Japananci nake buga Persona, saboda labarin a Tokiyo yake, a Shibuya da jirgin ƙasa da aji da malamai, kuma ina son jin yadda murya ke sauka idan ɗalibi ya juya ga wanda ya girme shi. Ikue Otani da ta yi Morgana ita ce muryar Pikachu, Mamoru Miyano kuma ya ba Ryuji wani zafi mai taushi a ƙasa. Amma aikin Turancin ma mai kyau ne, Max Mittelman da Cassandra Lee Morris sun riƙe waɗannan matsayi biyu da gaske, kuma kai ka riga ka yi awa ashirin da su, sun zama muryoyin abokanka. Sauya su yanzu zai yi maka kamar ka dawo gida ka tarar kowa ya canza murya. In kana son gwadawa, ka adana wasanka, ka sauya harshen a saiti, ka yi kwana biyu ko uku na cikin wasan, ka saurari Sojiro mai shagon kofi yana yi maka faɗan da ke ɓoye kulawa, da muryar Joji Nakata, sannan ka koma ka ji Jamieson Price a wuri irinsa. Wanda ka ji ya fi kama da kawun da ka sani, ka zauna a kansa.

In ka gama, ka nemi Xenoblade na farko, shi kam ka bar shi a Turancinsa. Ka sa abin kunne daren da aka kai wa garin Colony 9 hari, ka saurari abin da Adam Howden ya yi da muryar Shulk, jarumin wasan, a wurin.